Ina Dami Na Goma?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yi karatu mai zurfi ba. Ya sauke Alƙur'ani a tsangaya, ya taɓa Ahalari, daga nan fartanya ta ɗauke shi har ƙarshen ransa. Amma akwai lissafi guda da ban taɓa ganin ya kuskure ba. Idan kaka ta yi, aka girbe dawa a gonarmu da ke wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo, aka ɗaure dammuna, yakan tsaya da kansa a bakin gona yana ƙirgawa. Daga na ɗaya zuwa na tara a kai su bakin amalanke. Na goma kuwa a jingine shi daban a gindin ɗorawa. Wata shekara, ina yaro, na ga wani dami mai manyan zangarniyoyi ya faɗo a na goma, sai na ce, "Baba, a musanya shi da wancan ƙaramin mana." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kayan wani kake so in musanya? Wannan tun yana tsiro ba namu ba ne." Kafin a kira magariba dammunan nan sun shiga gidajen da shi ya san su, ba kiɗa ba shela.

Bara, a tsakiyar marka, lokacin da rumbuna suka ƙare sabon hatsi kuma bai nuna ba, wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar ta je wurin wani mai sayen hatsi neman rance. Ya ba ta rabin buhun masara bisa sharaɗin ta biya buhu cikakke da kaka. Mutumin nan sahun farko yake salla, kuma bai daɗe da dawowa daga hajjinsa na uku ba. Ba zan faɗi sunansa ba, domin irinsa suna da yawa, kuma nan gaba mai karatu zai ga ni ma ban fita daga sahunsu ba. Abin da ya dame ni shi ne, a cikin hatsin da ya ranta mata da riba akwai rabon da Allah ya riga ya yanka mata kyauta.

Da'awata a wannan maƙala ita ce: mu mutanen wannan yanki muna karanta shika-shikan Musulunci biyar da baki, amma a aikace mun rage su zuwa huɗu. Mun riƙe shahada da salla da azumi, mun ɗaukaka hajji har ya zama abin ado, zakka kuwa mun mayar da ita ganin dama.

Matsayin da muka manta

Yaron Islamiyya ma ya san hadisin Abdullahi ɗan Umar wanda ya kamanta Musulunci da gini a kan ginshiƙai biyar, ya kuma san hadisin Jibrilu wanda ya bayyana Musulunci da imani da ihsani. A duka biyun zakka ce ke biye da salla, tana gaban azumi da hajji a ruwayar da ta fi shahara. Alƙur'ani ya gwama ta da salla a aya guda fiye da sau ashirin. An wajabta ta da ma'aunanta a shekara ta 2 bayan Hijira. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati a shekara ta 11, wasu ƙabilun Larabawa suka ce za su ci gaba da salla amma ba za su ƙara ba da zakka ba, Sayyidina Abubakar bai kira abin nan rowa ko ƙarancin tausayi ba. Ya ɗaura yaƙi, ya yi rantsuwar zai yaƙe su ko da abin da suka hana bai wuce igiyar dabaibayin raƙumi ba. Da a yau ne ya bi titin Gwarzo ya ga manyan sito cike da hatsin da ba a fidda haƙƙinsa ba, me muke zaton zai ce?

Zakka kuma ita ce ma'aunin da ke gwada aƙida. Faɗin an yi imani da Ranar Lahira ba ya rage wa mutum ko ƙwayar gero. Ɗaga buhu biyar daga cikin hamsin a ba wanda ba zai iya ramawa ba, wannan sai wanda ya sakankance akwai ranar da za a tambaye shi, ya kuma yarda Allah ne mai azurtawa. Suratul Ma'un ta siffanta mai ƙaryata ranar sakamako da tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini, sannan ta yi gargaɗi ga masu sallar riya. Ashe ke nan abin da mutum ke yi da rumbunsa shaida ne a kan abin da ke zuciyarsa.

Me ya sa wannan rukuni ne ya fi shan wuya? Ina ganin don shi ne ba a ganinsa. Wanda ya bar salla sahu zai tona shi. Wanda ya sha azumi da gangan, ko 'ya'yansa ba za su bar shi ba. Wanda ya je hajji ya dawo da suna, a tare shi da jerin motoci, a riƙa ce masa Alhaji har kabari. Mai fidda zakka ba shi da laƙabi, mai hana ta kuma babu alama a goshinsa.

Abin da ake bin mu

Wasu suna fakewa da cewa babin zakka yana da wuya. Ga manomi dai lissafin bai kai na kasuwa wahala ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nisabin hatsi wusƙi biyar ne, wato sa'i 300, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kimanin kilo 653, kusan buhu shida da rabi na mai cin kilo ɗari. Dawa da gero da shinkafa kowanne da nisabinsa, ba a haɗa su. Wake da riɗi ma suna ciki. Duk wanda amfaninsa ya kai haka, in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin goma zai fitar. In da wahala da kashe kuɗi ya yi ban ruwa, kamar masu noman rani da injin a bakin madatsar Guzuguzu, ɗaya cikin ashirin ne. Ba a jiran shekara ta zagayo, Suratul An'am aya ta 141 ta ɗaure haƙƙin da ranar girbi. Mai buhu hamsin na damina buhu biyar ake binsa. Mai buhu ɗari biyar, buhu hamsin.

Dabbobi ma haka. Awaki da tumaki, a haɗe, in sun kai 40 ana fidda guda, har zuwa 120. Shanu 30 ana fidda maraƙi ɗan shekara biyu, 40 kuma saniya 'yar shekara uku. Malikiyya ba ta ware shanun huɗa ko na turka daga lissafi ba. Kuɗi da kayan ciniki, in sun kai darajar dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo a kansu, ɗaya cikin arba'in ne. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a kasuwar Getso ranar da take ci, ya dubi garken da ke shiga da motocin da ke fita, ya tambayi kansa ko kashi nawa na wannan dukiya aka tsarkake.

Akwai masu noman tumatir da albasa da attaruhu da ke murna cewa Malikiyya ba ta sanya zakka a kan kayan lambu ba. Gaskiya ne. Sai dai su sani Imamu Abu Hanifa ya wajabta ta, kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya, ya rinjayar da ra'ayin Abu Hanifa a littafinsa na Ahkamul Ƙur'an. Ko sun tsaya a kan mazhaba, kuɗin da suka tara daga cinikin, in ya kai nisabi ya shekara, zakka ta hau kansa.

Yadda ta sulale mana

Wannan sakaci yana da tarihi. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Hausa da su a Kitabul Farƙi har da ɗora wa talakawa kuɗin gari da jangali waɗanda shari'a ba ta san da su ba. Bayan jihadin 1804 hukuma ce ke tattara zakkar hatsi a ƙasashen daular. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sannu a hankali suka narkar da ita cikin haraji, talaka ya daina bambance haƙƙin Allah da kuɗin da dogari ke karɓa. Da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979 jama'a sun yi murna, kuma sun cancanci murnar. Amma da yawa sun ɗauka an sauke musu duk wani nauyi da ke kan gona da garke. A 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Kano, a 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi. Niyya mai kyau ce. To amma hukuma tana birni, rumbu yana ƙauye, kuma doka ba ta dasa abin da tarbiyya ta tumɓuke.

Tsarin karatunmu ma yana da hannu. Ɗalibi yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari, wanda ya tsaya a tsarki da salla, ya wuce Ishmawi, wanda ya ƙare a azumi. Sai a Iziyya da Risala zai haɗu da babin zakka, kuma kafin nan yawancinmu aure da neman abinci sun janye mu. Mahaifina bai kai can ba, amma ya gaji aikin daga mahaifinsa. Mu da muka biyo baya mun rasa gadon, ba mu kuma kai ga littafin ba.

Malamanmu, na ɗariƙa da na Izala, ina girmama su, amma dole in faɗa. Na sha zama a wa'azin da aka kwana ana fafatawa a kan ƙabalu da sadalu, da maulidi, da wanda ya halatta a bi salla da wanda bai halatta ba. An raba masallatai, an ɓata zumunci a kan abubuwan da malamai suka daɗe da saɓani a cikinsu. A kan wajabcin zakka kuwa, inda babu mai jayayya ko ɗaya, wa'azin kan zo a gurguje, sau ɗaya a Ramadan, alhali hatsi da kaka yake shigowa. An bar jaki ana dukan taiki. Ina kuma zargin dalilin shirun: wanda ya kamata a faɗa wa gaskiyar shi ne ya gina masallacin, shi ne ya sayi lasifikar.

Zakkar jeka-na-yi-ka

Ko cikin masu cewa suna fitarwa, sai an tace. Akwai mai auna sa'in fidda-kai ranar jajiberin salla ya ɗauka ya gama da zakka, alhali waccan ta wuyansa ce, ta dukiyarsa tana nan. Akwai mai zaɓen hatsin da gunda ta ci ko akuyar da ta rame, duk da Suratul Baƙara aya ta 267 ta hana nufin mummuna wajen bayarwa. Akwai mai rarraba garkensa da sunayen 'ya'yansa in shekara ta kusa, don kada ya kai nisabi, sai ka ce Wanda ya halicci shanun bai iya ƙirga ba. Akwai mai ba yaran gidansa da masu yi masa kirari da 'yan jagaliyar siyasarsa ya kira abin zakka, alhali Suratut Tauba aya ta 60 ta ƙayyade kashi takwas na masu karɓa, babu mai fadanci a cikinsu.

Mafi muni ita ce zakkar layi. A tara ɗaruruwan mata da tsofaffi a ƙofar gida tun asuba, da azumi a bakinsu, a miƙa wa kowa abin da bai wuce cefanen yini ba, ana ɗaukar hoto. A watan Maris na 2024 an yi turmutsutsi a wurin irin wannan rabo a Bauchi, mata suka rasa rayukansu. Malaman Malikiyya sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara guda. Hikimar ita ce wanda ya karɓa bana ya samu ƙafar tsayawa. Mu kuwa mun gwammace mu yayyafa wa mutum dubu, domin dubu sun fi goma amo, baɗi kuma su dawo su dubu da ɗari.

Hujjojin masu hanawa

Za a ce da ni hajji ma rukuni ne. Haka ne, sau ɗaya a rayuwa, ga mai iko. Na biyu da na uku da umarar kowane Ramadan nafila ce, kuma ba a gina nafila a kan farillar da aka tozarta. A 2025 kuɗin kujerar hajji daga Arewa ya haura naira miliyan takwas. Ba na hana kowa kewar Ka'aba. Ina cewa ne wanda ya biya wannan kuɗi karo na uku alhali ushirin gonarsa na cikin sito, da guzurin marayu ya yi tafiyar. Imamu Gazali ya kawo a Ihya'u labarin mutumin da ya tanadi dirhami dubu biyu don hajjin nafila, Bishirul Hafi ya shawarce shi ya raba su ga mabuƙata goma in yardar Allah yake nema, mutumin ya ce shi dai tafiyar ta fi kwanta masa a rai. A babin ruɗuwa Gazali ya sanya labarin.

Za a ce noma ya yi tsada, taki da maganin feshi da kuɗin ƙwadago sun cinye riba, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma na san ta daga ciki. Shekara biyu da suka wuce na samu buhu goma sha ɗaya na dawa a gonar da na gada. Na zauna da biro na cire kuɗin taki, na cire na huɗa, na cire na sussuka, na yi ta cirewa har sai da lissafi ya faɗo ƙasa da nisabi, na rufe littafi. A gonar da mahaifina ke jingine dami na goma na yi wannan. Mashahurin zance a Malikiyya shi ne ba a cire ɗawainiya ko bashi daga zakkar hatsi. Wasu malamai na da da na yanzu sun yi rangwame a cire. Ko da na bi masu rangwame, wajibi ne in je in tambaya da niyyar bayarwa. Ni kuwa da niyyar tsira na ɗauki biro. Sai bara, bayan abin da ya faru da maƙwabciyarmu, na rama. Kuma tsadar da ta matse mai buhu goma sha ɗaya, yaya ta yi da wadda ba ta da ko tiya?

Za a ce ba a yarda da hukuma ba, kada a ba da a karkatar. To wa ya hana mutum ya bayar da hannunsa? Wa ya fi manomi sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba a unguwarsu? A nan ina da magana da attajiran birni masu manyan gonaki a ƙasar Gwarzo da Kabo, waɗanda ke loda amfanin gaba ɗaya a wuce da shi Kano ko kasuwar Dawanau. Asali a fiƙihunmu shi ne a raba zakka inda ta wajaba ko kusa da nan, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri. Lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi ya karɓa daga mawadatansu ya mayar wa matalautansu. 'Yan ƙwadagon da suka yi noman da matan da ke kalar abin da ya zube su ne farkon masu haƙƙi.

Za a kuma ce ciyar da talaka aikin gwamnati ne. Ba na wanke gwamnati. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma zakka ba za ta gina asibiti ko ta gyara hanya a madadin masu mulki ba. Sai dai gazawar gwamna ba ta sauke farilla daga wuyan kowa. Ba mu taɓa jin wanda ya bar sallar asuba don ba a kawo wuta ba.

Abin yi

Ba sabuwar hukuma nake nema ba. Ina kira ga limaman Juma'a na Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, da na Kabo da Garo da Gude da Durun, su ware huɗubobin watannin kaka ga zakkar hatsi, da harshen da manomi ke ji, da lissafin buhu da tiya. Makarantun Islamiyya su koyar da babin zakka tun a ajin da ake koyar da alwala. Kowace unguwa ta zaɓi dattawa amintattu, da liman da mai unguwa, a sa 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a tabarma guda, a sa mata domin su suka san abin da ke cikin gidaje. Su tantance mabuƙata a asirce, a kai musu har gida da dare kamar yadda iyayenmu ke yi. A damƙa wa gida guda abin da zai kai shi wata kaka, a mallaka masa nan take. In ya ji tsoron buƙata za ta sa ya sayar da arha, ya ba da ajiya ya riƙa ɗiba. Abin da aka tara da yawan gidajen da aka ba, a karanta a masallaci, ba tare da ambaton sunan mai karɓa ba.

Da ƙauyenmu kaɗai zai fidda ushirin da ake binsa, da maƙwabciyarmu ba ta je neman rabin buhu a kan buhu ba. Da kaka ta biya bashin nan, na ga lokacin da aka ɗora buhun a kan babur. Ɗanta na fari, mai shekara goma sha uku, ya bar makaranta ya tafi birni neman kuɗi. Ɗorawar da mahaifina ke jingine dami a gindinta tana nan a bakin gonarmu, kuma dawar bana ta fara fidda kai. Ni dai na yi alkawari zan tsaya da kaina in ƙirga. Ina roƙon duk mai gona da mai garke da mai sito a ƙasar nan ya yi haka, tun kafin ranar da wani zai ƙirga masa. Allah ya sa mu dace.